Hannun Tasnim

A zobe na huɗu hannun Tasnim ya sake buɗewa, ta faɗo kan katifa da gefen kafaɗa. Zobban ƙarfen suka ci gaba da lilo a samanta, suna karo da juna. Ba ta yi ƙara ba. Ta miƙe, ta gyara ɗankwalin wasanta, sannan ta dubi mai horar da ita, Kyaftin Safwat, kamar yadda ta saba dubansa bayan kowace faɗuwa tun tana 'yar shekara tara.

"Kin yi gaggawa," in ji shi. "Sassauta kafaɗa. Sassauta hannu, 'yata. Kar ki yi kokawa da shi."

"To, Kyaftin."

Ta koma, ta shafa farin garin hana santsi a tafinta, ta yi tsalle. A na huɗun dai ta sake faɗowa.

Can gindin bango, a kan wata tsohuwar taya, Marwan na zaune yana cin gurasa da wake. Shi ne saurayin da kulob ɗin ya ɗauko bara, lokacin da aka kafa waɗannan ƙarafa a cikin zauren, don ya koya wa yara lilo da hawan bango. A unguwar Imbaba ta birnin Alkahira ya tashi, a saman rufin gidaje, yana hawa da sauka a hasumiyar katako ta tantabarun mahaifinsa, shi ya sa yaran kulob ke kiransa Kyaftin Tantabara in ba ya kusa.

"Kyaftin, bismilla, ga wake," in ji Marwan.

"Na ƙoshi."

"Katifar nan fa ta fara haddace sunan ɗalibarka."

Tasnim ta juyo, fuskarta a ɗaure. "Kyaftin Marwan, katifar ta kawo ƙara wurinka ne?"

Marwan ya ɗaga hannu sama yana dariya, ya mayar da kansa kan wakensa. Bai ƙara ko kalma ba. A wannan sana'a akwai abin da ba a yi: mai horarwa ba ya buɗe baki ya gyara wa ɗalibin wani, ko da a gaban idonsa ɗalibin ke kuskure. Zolaya ta halatta, gyara bai halatta ba.

Wasan nasu rassa biyar gare shi. A zamanin Safwat, akwai wasan takobi, da iyo, da harbi, da gudu, da hawan doki a tsallake shingaye. Dokin ba naka ba ne. Ƙuri'a ake jefawa, a miƙo maka dabbar da ba ka taɓa gani ba, a ba ku ɗan lokaci kaɗan ku saba, sai a busa usur a fara. A nan Safwat ya yi suna. Dokin da ya kayar da mutane da safe, shi yakan hau shi da yamma ya bi da shi kamar ruwa. Da ciwon gwiwa ya tsayar da shi ya koma horarwa, abu guda ya riƙe yana koya wa kowane yaro: wasan nan duka a hannu yake, hannun da ba ya damƙa. Linzami in ka damƙe shi, doki zai yi maka gardama. Takobi in ka damƙe shi, bakinsa zai mutu. Bindiga in ka damƙe ta, za ta yi rawa. A cikin duk yaran da suka bi ta hannunsa, babu wanda wannan karatu ya shige shi kamar Tasnim.

Sai manyan wasan na duniya suka cire doki, suka kawo filin cikas a madadinsa: zobba, sanduna, da wani bango mai lanƙwasa da ake hayewa da gudu a danna ƙararrawa a samansa. Ranar Asabar za a zaɓi 'yan mata ukun da za su wakilci ƙasa a gasar matasa, kuma wannan ce shekarar Tasnim ta ƙarshe a rukunin. A takobi da harbi babu mai kama ƙafarta. Amma duk wanda ya faɗi sau biyu a cikas guda, an cire shi daga gasar baki ɗaya, komai yawan makin da ya tara. Yau Talata, kuma Tasnim ba ta taɓa wuce zobban nan sau biyu a jere ba.

Da hantsi mahaifinta ya zo ɗaukarta zuwa darasin makaranta. Ustaz Ragab malamin lissafi ne, mutum siriri mai yawan gaisuwa. Ya bari sai da ta shiga canza kaya, sannan ya matso kusa da Safwat.

"Jiya uwarta ta hana ni barci, Kyaftin. Wai 'yar maƙwabciyar ƙanwarta wurin yaron can take, kuma har ta iya hawan bango kamar ƙadangare. Wai mu ma mu kai Tasnim."

Safwat ya kau da kai. "Ai 'yarku ce, Ustaz. In kun ga..."

"A'a, a'a, tsaya. Na ce mata, ranar da na kawo yarinyar nan me na ce wa Kyaftin? Na ce, ka karya, ni zan ɗora. To ban janye ba. Ita ma Tasnim da ta ji, cewa ta yi gara ta faɗi a hannunka da ta ci a hannun wani. Har kuka ta yi." Ya kama hannun Safwat da hannu biyu. "Na faɗa maka ne kawai don hankalinka ya kwanta. Muna bayanka."

Hankalin Safwat bai kwanta ba. Da a ce mutumin ya zo da faɗa ne, ya ƙwace 'yarsa ya kai ta wurin Marwan, da Safwat ya yi fushinsa na kwana biyu ya huce, nauyin ya sauka daga kansa. Yanzu kuwa sun ɗauko komai sun ajiye masa a tafin hannu, sun tafi suna godiya.

Bayan sallar azahar zauren ya zama babu kowa. Fanka ɗaya ce ke juyawa a sama, daga waje kuma ana jin hon ɗin motocin Alkahira kamar kullum. Safwat ya tsaya a ƙarƙashin zobban ya daɗe yana kallonsu. A duk shekarunsa na horarwa bai taɓa koya wa yaro abin da jikinsa bai yi ba. Yakan ga kuskuren ɗalibi ne a nasa jikin tukuna, ya ji inda ya karkace, sannan ya gyara. Amma wata takwas ke nan yana tsaye a gefen waɗannan ƙarafa yana ba da umarni da ka, jikinsa shiru, bai ce masa komai ba.

Ya cire agogo da usur ya ajiye. Ya shafa farin garin. Ya hau dakalin da ake tashi daga kansa, ya yi bismilla, ya yi tsalle.

Zobe na farko ya kamu. Nauyinsa ya ba shi mamaki, kafaɗunsa suka yi ƙara, amma ya riƙe. Ya lilo ya kama na biyu. Ya lilo baya, ya taho gaba da ƙarfi, ya miƙa hannun dama zuwa na uku. A daidai lokacin da jikinsa ya tashi sama, kafin yatsun dama su rufe, sai na hagu suka buɗe da kansu. Bai umarce su ba. Sun yi abin da suka yi shekara talatin suna yi ne: idan doki ya tashi zai tsallake shinge, mahayin kirki yakan sakar masa linzami, don kada ya fizge masa baki.

Ya gane haka yana cikin iska. Sannan ya faɗo a bakin katifar, hannun hagu a ƙarƙashinsa, ya ji wani ƙas.

"La ilaha illallah! Kyaftin!"

Marwan ne ya fito daga ɗakin ajiya da sifana a hannu. Ya durƙusa, ya dubi wuyan hannun da ya fara kumbura, ya dubi zobban da ke lilo, bai yi tambaya ba. Ya cire rigarsa ta sama ya ɗaure hannun a ƙirjin Safwat.

"Babur ɗina na waje. In muka jira tasi a wannan cunkoso, sai hannun ya warke da kansa."

Haka Kyaftin Safwat, mutumin da bai taɓa zama a bayan kowa a kan sirdi ba, ya zauna a bayan Marwan yana riƙe da ƙugunsa da hannu ɗaya. Suka ratsa tsakanin ƙananan bas da amalanken lemo, suka hau gadar sama suka sauka. Duk ramin da suka faɗa sai zafin ya harba masa har cikin haƙori.

Asibitin cike yake. Wata ma'aikaciyar jinya mai ƙiba, tabarau a kan hanci, ta ɗago hannun ta juya shi a hankali.

"Baba, daga ina aka faɗo?"

"Doki ne ya kayar da shi," Marwan ya yi saurin cewa. "Babban mahayi ne."

"Ƙarya yake yi," in ji Safwat. "Rabon da doki ya kayar da ni tun kafin a yaye yaron nan. Daga lilo na faɗo."

Matar ta sauke tabarau ta dube shi, ta dubi furfurarsa. "Lilo. Allah ya ƙara ƙuruciya. Je ka zauna, sai an kira ka hoton ƙashi. Kai kuma ɗansa, ka riƙa ɓoye masa kayan wasan jikoki."

Suka sami gefen wani benci, kusa da wata mata da ke jijjiga yaron da ya tura ƙwayar wake a hanci. Marwan ya fita ya dawo da shayi a kofin takarda, ya miƙa masa. Safwat ya kurɓa. Sai da shayin ya kusa rabi ya iya buɗe baki, kuma bango yake kallo.

"Me kake gani in tana kan zobban?"

Marwan ya juyo ya dube shi. "Ka ba ni izini in yi magana a kan ɗalibarka?"

"Na ba ka."

"Tana saki kafin ta kama. Ba rashin ƙarfi ba ne, ta fi rabin mazan da ke wurina ƙarfi. Da zarar jikinta ya tashi, hannun baya sai ya bayar. Kamar mai miƙa kyauta. A ukun farko saurinta na rufa mata asiri, a na huɗu tazarar ta fi faɗi, sai asirin ya tonu."

"Tun yaushe ka gani?"

"Tun makon farko."

"Kuma ka zauna kana cin wake."

"To me zan yi, Kyaftin? In na yi magana, a ce ɗan tantabara ya zo jiya yana yi wa Kyaftin Safwat gyara. In na yi shiru, ina kallon yarinya tana faɗuwa. Wallahi waken ma ba ya shiga."

Marwan ya buɗe tafin hannunsa ya ajiye a kan gwiwa. Duk kanta ne, mai kauri, rawaya, yatsun a ɗan lanƙwashe kamar ba sa iya miƙewa sosai.

"Ƙarfe ba doki ba ne," in ji shi. "Ba ya jin lallashi. Ka damƙe shi ko ya zubar da kai, shi ke nan."

"Za ka iya gyara ta kafin Asabar?"

"Zobban? In Allah ya so, zan iya. Tana da kai, abu ɗaya ne kawai za a karya a jikinta. Amma bari in faɗa maka gaskiya tun yanzu. Hannun da zan dawo maka da shi ba shi ne wanda ka ba ni ba. Na taɓa ɗaukar bindigar hasken nan taku bayan na sauko daga ƙarafa, don in gwada. Hasken ya riƙa yawo a bango kamar ƙuda. Yaran da suka fara yanzu, tare suke koyon damƙa da saki, jikinsu ya saba da duka biyun. Ita kuwa shekara tara tana koyon guda. In na cusa mata ɗayan cikin kwana uku, ban san abin da zai faru da harbinta ba. Wannan ba fannina ba ne."

Safwat ya rufe ido. Ya ga hannun Tasnim a kan bindiga, yadda yatsanta ke sauka a kan kunama kamar ba ta taɓa ba, fitilu biyar su koma kore a jere kafin sauran 'yan matan su sami biyu. Masu horarwa daga wasu kulob sukan zo su tsaya a bayanta don kallon wannan hannu kawai. Shi ne abu mafi kyau da ya taɓa ginawa, ya fi duk lambobin da ke rataye a falonsa. In ya bar shi yadda yake, ranar Asabar za ta faɗo a zobe na huɗu, ta sake faɗowa, a kira sunanta a ce ta fita, ba za ta ma kai ga ɗaukar bindigar ba. In ya miƙa shi, wataƙila ta wuce zobban, ta zo layin harbi da hannun da ba nata ba.

Aka kira sunansa. Hoto ya nuna tsagewa ce a ƙashin wuyan hannu. Aka naɗa masa filasta daga yatsu zuwa gwiwar hannu, fari tas, mai nauyi.

Ana kiran la'asar suka koma kulob. Yara sun cika zauren, Tasnim na gefe tana ɗumama jiki. Da ta hango filastar sai ta taho da gudu.

"Kyaftin! Me ya faru? Mota ce?"

"Zobbanki ne. A na uku ma na faɗo, kin fi ni da ɗaya."

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi Marwan da ke tsaye a bayansa, idonta ya canza.

"Saurara, Tasnim," in ji Safwat a hankali. "Daga yau zuwa Asabar, a kan ƙarafan nan, Kyaftin Marwan za ki saurara."

"A'a."

"Ba shawara nake nema ba."

"Babana ne ya yi maka magana? Na ce masa kar ya..."

"Babanki mutumin kirki ne, bai ce komai ba sai alheri. Ni ne na ce. Abin da ke kayar da ke a can sama, ni na sa miki shi, kuma a wurinsa daidai ne. A nan ne ba ya aiki. Ni ba zan iya cire shi ba, don ni ma yana jikina." Ya ɗaga filastar kaɗan. "Duk abin da ya ce ki yi, ki yi, ko da ya saɓa wa nawa."

Ta ɗaga kai ta dubi zobban. "Ko da ya ce in damƙe?"

Kalmar ta yi wa Safwat nauyi a baki. "Ki damƙe," in ji shi. "Da duk ƙarfinki."

Ya san muddin yana cikin zauren, bayan kowane motsi shi za ta duba, ba Marwan ba. Don haka ya ɗauki jakarsa da hannu ɗaya ya fita, ya zauna a kan bencin da ke bakin ƙofa, inda iyaye mata kan zauna jiran 'ya'yansu. Daga nan ba ya ganin komai, ji kawai yake yi. Muryar Marwan ta canza, babu zolaya a cikinta. "Kar ki saki! Ban ce ki saki ba! Rufe tukuna! Ƙarfen nan ya ci miki bashin gaisuwa ne da kike lallaɓa shi?" Sai ƙarar zobba, sai faɗuwa a katifa. Sai kuma daga farko. Hannunsa na bugawa da zafi a cikin filastar. Sau da yawa ya ji bakinsa na motsi da kalmar da ya saba faɗa, ya haɗiye ta.

Rana ta yi ƙasa sosai lokacin da ya ji ƙarar zobban ta tafi a jere ba ta yanke ba, sai takun gudu, sai ƙararrawar saman bango. Yara suka ɗauki ihu. Bai tashi ba. Ya jira. Can kuma ƙararrawar ta sake kaɗawa, ba faɗuwa a tsakani.

Sannan ya miƙe ya shiga.

Tasnim na tsaye tana haki, fuskarta jawur, tafukanta sun yi ɓororo, ɗaya ya fashe. Tana murmushi irin wanda rabonsa da gani tun kafin a kwashe dawakai.

"Layin harbi," in ji Safwat. "Yanzu, kafin ki huce. Haka zai kasance ranar Asabar."

Ta je teburin, ta ɗauki bindigar hasken, ta tsaya tsayuwarta mai kyau, ta ɗaga hannu. Safwat na bayanta, ya ga bakin bindigar na rawa tun kafin ta danna. Fitila ta kawo ja. Ta sauke, ta ɗaga. Ja. Ta sake. Kore ɗaya, sannan ja, sannan ja. Yaran da suka biyo su kallo suka yi tsit. Marwan ya sunkuyar da kai yana murza kantar tafinsa.

Ta ajiye bindigar ta dubi hannunta kamar na aro. Yatsun na karkarwa, sun ƙi miƙewa. Ta juyo, murmushin ya tafi.

"Kyaftin, ba ya jin maganata. Yanzu wanne zan yi? In sassauta ko in damƙe?"

Duk zauren shi ake kallo. Shekara tara tana yi masa tambaya, bai taɓa rasa amsa ba. Ya nemi amsar a jikinsa, inda ya saba samunta, ya tarar ba komai sai zafin ƙashi.

"Ban sani ba, 'yata," in ji shi.

Ya jawo kujera da ƙafa, ya zauna dab da ita, daidai inda zai ga yatsunta sosai, ya ɗora filastar a kan cinya.

"Ɗaga mu gani."